Jirgin ƙarƙashin ƙasa marar direba: wa ke tuƙa shi, me ke hana shi karo da na gabansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Aiki ya kai ni Riyad, na shiga sabon jirginsu na cikin gari. Sai da muka nutsa cikin rami na fahimci ashe babu direba kwata-kwata, gabana ya faɗi. Wa ke tuƙa shi? Yaya yake sanin akwai wani jirgi a gabansa a cikin wannan duhun? Idan kwamfuta ta rikice fa, ko aka ɗauke wuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Jirgin da ka shiga an fara buɗe shi ne a watan Disamba na 2024, layi shida, tsawon kilomita 176, tasha 85, kuma dukkansu babu direba. Faɗuwar gabanka tana da dalili, sai dai ina so ka fara sanin wani abu da yawancin fasinjoji ba su sani ba: ko a jiragen da ke da direba, an daɗe da karɓe amanar tsaron rayuka daga hannunsa an danƙa wa sigina, wato na'urorin da ke ba jirgi hanya ko su tsayar da shi. Ranar da aka cire direba daga gaban jirgi, abin da aka rage kaɗan ne a kan abin da aka riga aka rage tun shekaru masu yawa.

Dalilin yana ƙarƙashin jirgin. Ƙafarsa ƙarfe ce, dogon da take bi ƙarfe ne, wurin da suke taɓa juna kuwa bai fi faɗin kwabo ba. Wannan ne ya sa jirgi ke jan kaya mai nauyi da ƙaramin ƙarfi, kuma shi ne ya sa ba ya tsayawa da wuri. Jirgin da ke gudun kilomita 80 a awa yana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. Idan aka taka masa birki irin wanda ba zai zubar da mutanen da ke tsaye ba, sai ya shafe kusan mita 250 kafin ya tsaya cak. Rami kuma yana lanƙwasa, yana hawa, yana gangara, sau da yawa direba ba ya hango ko rabin wannan tazarar. Ba shi da sitiyarin da zai kauce. Mun saba cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a cikin rami, kafin ido ya ga fitilar bayan jirgin da ke tsaye, lokacin birki ya riga ya wuce.

Saboda haka tun zamanin jirgin gawayi aka yanke shawarar raba hanya gida-gida. Ka ɗauke ta kamar soraye a jere, kowane soro mutum ɗaya yake ɗauka, ba ka shiga sai na ciki ya fita. A tsofaffin layuka masu hanya ɗaya na Ingila da ƙasashen da ta mallaka, direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa wata sanda ko ƙarfen shaida, kuma shaida ɗaya tak ake iya fitarwa ga kowane yanki a lokaci guda. Wannan ya wadatar idan jirgi biyu ko uku ne ke wucewa a yini. Landan, wadda ta buɗe layin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya a Janairun 1863, ba ta daɗe ba ta buƙaci abin da ya fi haka sauri.

Abin da ya warware matsalar wata dabara ce da wani Ba'amurke, William Robinson, ya yi wa rajista a 1872, kuma har gobe ina ganin babu dabarar da ta kai ta kyau a wannan sana'a. Ana raba dogo yanki-yanki. A ƙarshen kowane yanki ana sakin 'yar wuta kaɗan ta bi dogon dama, ta je ɗaya ƙarshen ta ratsa wani makunni mai maganaɗisu, ta dawo ta dogon hagu. Muddin wutar na zagayawa, maganaɗisun yana riƙe da makunnin a sama, fitila tana nuna kore. Da zarar jirgi ya shigo, ƙafafunsa da sandar ƙarfen da ta haɗa su sai su zama gajeriyar hanya, wutar ta bi ta nan ta koma, makunnin ya rasa abin da ke riƙe shi ya faɗo, fitilar baya ta koma ja. Yanzu ka yi tunani: idan waya ta tsinke fa? Makunnin zai faɗo, ja. Batir ya mutu? Ja. Dogo ya karye? Ja. An ƙera makunnin yadda nauyinsa ne ke faɗo da shi, kuma an zaɓi azurfa da gawayi a bakin da yake haɗuwa don kada zafi ya narkar da su su manne. Duk hanyar da abin zai lalace, an karkata ta zuwa ga tsayawa. Da mugun rawa gara ƙin tashi, wannan ita ce aƙidar aikin sigina baki ɗaya, kuma duk abin da zan faɗa maka nan gaba a kanta aka gina shi.

Amma fitila ja ba ta da hannun riƙe jirgi. Direba na iya gyangyaɗi, ko suma, ko hankalinsa ya tafi gida. Sai aka dasa wani ɗan hannun ƙarfe a gefen dogo kusa da kowace fitila. Idan ta nuna ja, hannun yana miƙe. Jirgin da ya yi gangancin wucewa, hannun zai bugi wani famfo a ƙasansa, iskar birki ta fice, birki ya kama ko direba ya so ko bai so ba. Landan da New York sun yi shekaru aru-aru da wannan, kuma yana nan a wasu layukansu. Duk da haka akwai giɓi. A ranar 28 ga Fabrairun 1975, wani jirgi ya shigo tashar Moorgate a Landan, wadda nan ce ƙarshen layi, bai rage gudu ba, ya zarce ya daki bangon da ya toshe ramin. Mutum 43 suka rasu, har da direban, kuma bincike bai gano abin da ya hana shi taka birki ba. Hanya a buɗe take, babu jirgi a gabansa, don haka babu abin da sigina za ta hana. Bayan wannan ne aka jera waɗancan hannuwan ƙarfe a mashigar duk tashar da layi ya ƙare, kowanne ba ya kwantawa sai jirgi ya ɗauki isasshen lokaci kafin ya iso shi, wato sai ya rage gudu da gaske.

Tuƙi da na'ura ya riga wannan hatsarin zuwa. Layin Victoria na Landan, wanda ya fara aiki a 1968, shi ne cikakken layi na farko da aka gina don na'ura ta riƙa tuƙa jiragensa. Maimakon fitila a bango, umarni yana zuwa ta cikin dogon kansa a matsayin bugun wuta. Bugu 420 a minti yana nufin hanya a buɗe take. Ƙasa da haka, a rage gudu. Idan kuwa jirgi ya saurara ya ji shiru, birkin gaggawa. Mutumin da ke gaba aikinsa ya rufe ƙofofi, ya danna maɓalli biyu a tare, jirgi ya ɗauki kansa har tasha ta gaba ya tsaya.

A nan zan amsa tambayarka ta farko kai tsaye, domin abin da mutane ke kira "kwamfutar jirgi" ma'aikata huɗu ne, kowa da aikinsa. Akwai matuƙi, wanda injiniyoyi ke taƙaita sunansa da ATO: shi ke ba da wuta, ya rage, ya bar jirgi ya gangara don tsimin lantarki, ya tsayar da shi daidai saitin ƙofofin tasha, kuskurensa bai wuce taku ɗaya ba. Akwai mai gadi, ATP, wanda ba ya tuƙi ko kaɗan. Idonsa na kan gudun jirgi da iyakar inda aka ba shi izinin kaiwa, hannunsa na kan birkin gaggawa. Akwai makullin hanya a gefen layi, wanda ke kula da wuraren sauya dogo, ba ya taɓa buɗe wa jirgi biyu hanyoyin da za su gitta juna, kuma ba ya barin dogo ya motsa a ƙarƙashin jirgi. Sai mai tsara zirga-zirga a ɗakin kula, inda mutane ke zaune gaban manyan allunan da ke nuna kowane jirgi. Matuƙi yana iya kuskure, an ma yi tsammanin zai yi. Idan ya zarce gudun da aka yarje masa, mai gadi zai ƙwace jirgin daga hannunsa kamar yadda zai ƙwace daga hannun ɗan Adam. Kuɗi da shekarun gwaji mafi yawa a kan mai gadi da makullin hanya suke ƙarewa.

Matakan sarrafa kai huɗu ne a ma'aunin da duniya ke bi. A na farko mutum ke tuƙi, mai gadi na sa ido. Na biyu shi ne irin na Victoria. A na uku babu kowa a gaba amma akwai ma'aikaci a cikin taragu, kamar layin Docklands na Landan da aka buɗe a 1987. Na huɗu, babu ma'aikaci ko ɗaya da ya zama dole a cikin jirgin. Kobe a Japan ta fara shi a 1981, Lille a Faransa a 1983, sai Kopenhagen a 2002, Dubai a 2009, har zuwa wanda ka shiga.

Yadda jirgin zamani ke sanin abin da ke gabansa ya bambanta da tsarin soraye. Aibin soraye shi ne ɓarnar fili: ko wutsiyar jirgi kaɗai ta rage a cikin yanki mai tsawon mita 400, dukkan yankin a rufe yake. Sabon tsari, da ake kira CBTC, ya juya lamarin. Kowane jirgi shi ke faɗin inda yake ta rediyo, a kai a kai, ba ya cika daƙiƙa ɗaya bai yi magana ba. Kwamfutar gefen layi tana tattara rahoton kowa, sai ta ce wa na baya: an ba ka izini zuwa mita kaza, kada ka wuce. Yayin da na gaba ke matsawa, iyakar tana matsawa da shi. Shi kuma mai gadin jirgin baya kullum lissafi yake yi: da wannan gudun, a wannan gangaren, in birkina ya kama a mafi raunin da zai iya kamawa, zan tsaya kafin iyakar? Lissafin yana ɗauka cewa jirgin gaba zai iya zama bango a wannan daƙiƙar, ba a ba shi rangwamen cewa ai shi ma tafiya yake yi.

To yaya jirgi ke sanin inda yake, alhali saƙon tauraron ɗan Adam ba ya shiga rami? Ƙirga juyin ƙafarsa yake yi. A tsakiyar dogo kuma an kafa wasu ƙananan faranti, kowanne ɗauke da lambarsa, jirgi na wucewa ta kansu ya karanta ya gyara lissafinsa. Wannan wurin ne nake jin daɗin koya wa sababbin ma'aikata, domin a nan ake ganin tsantsenin masu ƙira. Ƙafar ƙarfe tana cinyewa, wadda ta yi shekara biyu tana aiki ta fi sabuwa ƙanƙanta, juyinta ɗaya bai kai na sabuwa nisa ba. Tana kuma sulɓi idan dogo ya jiƙe ko ya yi maiƙo. Saboda haka duk nisan da jirgi ya yi daga farantin ƙarshe, shakkarsa game da matsayinsa tana ƙaruwa, sai ya riƙa ba da rahoton kansa a matsayin wanda ya fi ainihinsa tsawo, ya ƙara 'yan mitoci a gaba da baya, har ya taka faranti na gaba ya koma daidai. Idan ya rasa faranti a jere, ko rediyo ta yanke na 'yan daƙiƙu, ba ya kirdado. Tsayawa yake yi.

Abin da birane ke saye da wannan tsadar shi ne yawan jirage a rami ɗaya. Layi na 14 a Paris, wanda aka buɗe a 1998, an tsara shi ya iya sako jirgi kowace daƙiƙa 85. Victoria, bayan an sabunta siginarta, tana kai jirgi 36 a awa lokacin cunkoso, wato ɗaya a kowace daƙiƙa 100. Idan layi na ɗaukar jirgi 24 a awa aka mai da shi 32, an ƙara kashi ɗaya bisa uku na mutanen da yake kwasa ba tare da an haƙa ko taku ɗaya ba. A irin wannan matsin, abin da ke taƙaita layi ya koma tsayuwar tasha da juyawar jirgi a ƙarshen hanya. Mutum ɗaya ya riƙe ƙofa na daƙiƙa 20, jirage biyar a baya sai sun ji a jikinsu.

Batun rikicewar kwamfuta kuwa, mai gadi ba kwamfuta ɗaya ba ce. Biyu ne ko uku, suna lissafi ɗaya kowacce a gefenta, suna gwada amsa. In biyu ne suka saɓa, birki. In uku ne, biyun da suka dace su ci gaba, a ware ta ukun a kira masu gyara. Ma'auni mafi tsauri da ake bi yana buƙatar kuskure mai haɗari ya kasance ƙasa da sau ɗaya a cikin awa miliyan 100 na aiki. Manhajar tsaro ta layi na 14 a Paris ma da hujjar lissafi aka tabbatar da ita, ta wata hanya da ake kira B wadda Jean-Raymond Abrial ya ƙirƙiro, inda kowane mataki sai an nuna a lissafe cewa bai saɓa ƙa'idar da aka gindaya ba.

Ba zan ce maka ba a taɓa samun hatsari ba, kuma inda aka samu ya cancanci a duba shi da kyau. A ranar 22 ga Yunin 2009, a Washington, wani jirgi da na'ura ke tuƙawa ya afka wa wani da ke tsaye kusa da tashar Fort Totten, mutum 9 suka rasu, har da ma'aikaciyar da ke gaban jirgin, wadda ta taka birkin gaggawa amma tazarar ba ta isa ba. Masu bincike sun gano cewa na'urar da ke gane jirgi a wannan yankin ta riƙa haifar da wani saƙo na bogi a cikin kanta, mai kama da saƙon "babu kowa", har jirgin da ke tsaye ya ɓace daga idon sigina. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yankin ya yi kwanaki yana nuna alamar ciwo tun bayan wani gyara da aka yi masa, ba a ɗauki mataki ba. Bayan hatsarin an koma tuƙi da hannu na tsawon shekaru, alhali na'urar tuƙin ba ta yi laifi ba, abin da aka faɗa mata ta bi. Idon ne ya makance, kuma direba ɗan Adam ma wannan izinin ƙaryar zai gani a allonsa.

Na Shanghai darasinsa daban ne. A 27 ga Satumban 2011 wutar sigina ta yanke a layi na 10, aka koma ba jirage hanya ta wayar tarho, aka manta da wani jirgi da ke tsaye a rami, na baya ya same shi. Sama da mutum 200 suka ji rauni. A ganina babu sa'a mafi haɗari a layin zamani kamar wadda na'ura ta tsaya mutane suka karɓa, domin aiki ne da ba su saba yi kullum ba, ga fasinjoji sun cika tasha, ga manya na bugo waya suna tambayar me ya tsayar da jirage. Sai kuma lokacin sauya tsohuwar sigina da sabuwa, kamar karon da aka yi a tashar Joo Koon ta Singafo a Nuwamban 2017. Kwatanta waɗannan da abin da ya faru a layin Circle na Singafo a 2016: jirage suka riƙa taka birkin gaggawa babu dalili na tsawon makonni, har masu nazarin bayanai suka gano jirgi ɗaya, mai lamba PV46, na'urarsa ce ke fitar da saƙon da ke toshe rediyon waɗanda ke kusa da shi. Mutane sun makara aiki, an yi ta ƙorafi, amma babu jirgin da ya taɓa wani. Haka ake so lalacewa ta kasance.

Idan aka ɗauke wuta, abu biyu ne. Wutar da ke jan jirgi tana zuwa daga tashoshin rarraba wuta da yawa a tsawon layin, ɗaya ta faɗi maƙwabtanta su ɗauki nauyin. Sigina da rediyo da fitilun gaggawa suna da baturansu. Birkin gaggawa kuma irin aƙidar nan ce: wuta ce ke riƙe shi a sake, in ta yanke sai ya kama. Don haka ɗaukewar wuta ba ta sa jirgi ya ƙwace. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar ita ce ɗaruruwan mutane a tsaye cikin rami, babu ma'aikaci tare da su, zafi na ƙaruwa. Shi ya sa layin da aka gina don mataki na huɗu yake da hanyar ƙafa a gefen rami, da kyamarori, da na'urar magana a kowane tarago, da ma'aikatan da aka ajiye inda za su iso cikin mintuna. Tsofaffin ramukan Landan masu zurfi matsattsu ne, babu hanyar gefe, ta gaban jirgi ko bayansa ake fitar da mutane, kuma wannan na cikin manyan dalilan da har yanzu ba a raba su da ma'aikaci a gaba ba. Bakin dandamalin da fasinjoji ke jiran jirgi ma sai an tsare shi, yawanci da bangon gilashi mai ƙofofin da ba sa buɗewa sai jirgi ya tsaya a saitinsu. Nuremberg a Jamus ta zaɓi na'urar da ke gano abin da ya faɗa kan dogo ta tsayar da jirgi. Paris kuwa ta mai da layinta na 1, wanda aka buɗe tun 1900, marar direba a tsakanin 2011 da 2012 ba tare da ta dakatar da jigilar yau da kullum ba, aikin da duk wanda ya san sana'ar yake jinjina wa.

Alhazanmu da suka hau jirgin da ke zirga-zirga tsakanin Mina, Muzdalifa da Arafat, wanda ya fara aiki a 2010, sun ɗanɗani irin wannan lissafin na kwashe dubban mutane cikin ƙanƙanin lokaci, duk da shi a kan gada yake tafiya. Idan wata rana biranenmu suka kai ga sayen irin na Riyad, abin da zan roƙi masu yanke shawara su tambaya tun kafin launin taragu shi ne: wa zai auna ƙafafun jiragen duk wata, daga ina kayan gyara za su zo bayan shekara 10, wa zai tsare wayar tagulla daga ɓarayi, kuma idan ƙaramin ma'aikaci ya ce a rufe yanki saboda na'ura na nuna alamar da bai gane ba, za a saurare shi? Layin da babu direba yana buƙatar ƙwararrun masu gyara da masu ɗakin kula fiye da kowane layi, kuma horar da su yana ɗaukar shekaru.

Kai kuma Malam, idan ka sake shiga jirgin ya tsaya a tsakiyar rami, ka zauna a inda kake, mai gadi ne ya ga abin da bai gamsu da shi ba, kuma yawanci cikin mintuna ake sake ba shi hanya. In akwai mara lafiya ko ka ji ƙaurin hayaƙi, danna maɓallin magana da ke kusa da ƙofa, mutum ne zai amsa daga ɗakin kula, yana kuma ganinku ta kyamara. Kada ka ɓalle ƙofa ka sauka sai an ce ka sauka. A gefen dogon da jirgi ke takawa akwai wani dogo na uku mai ɗauke da wuta bolt 750, kuma ba a bari kowa ya taka ƙasa sai an kashe shi an tsayar da jiragen ɗaya hannun.